Fanka Biyu a Gurbin Uku

Sufeto ba ta yarda da kowa ba kafin ƙarfe goma na safe, bayan goma kuwa sai abin ya ƙaru. Shekara goma sha tara tana wannan aiki, kuma a ganinta duk wanda ya shigo caji ofis da ƙara ya baro rabin labarinsa a gida. Saboda haka da Saje ya ajiye mata fayil ranar Litinin da safe, ya ce wannan kam a fili yake, sai ta dube shi ta saman tabarau.

"Wa ya ce a fili yake?"

"Mai ƙara, ranki ya daɗe."

"To shi ke nan, sai mu tashi mu ba shi kujerar."

Saje ya sosa ƙeya ya shiga bayani. Wani likitan haƙori ne ya sa aka haɗa masa kwamfutar wasa, irin wadda ake zaɓen kayan cikinta ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya haɗa ta tsoho ne, kowa Mai Agogo yake ce masa, don gyaran agogo ya yi kafin ya koma kwamfuta. A cikin kayan akwai katin hoto, wato abin da ke zana wasan a kan allo, wanda shi kaɗai ya fi rabin darajar na'urar. Jiya Likita ya buɗe ta, ya tarar da wani tsohon kati a gurbinsa. Bai tsaya wata-wata ba, ya tafi shagon tsohon ya kira shi ɓarawo a gaban duk 'yan layi, sannan ya kira 'yan sanda.

"Tsohon yana ina?"

"Bayan kanta. A nan ya kwana. Oga ya ce in ba a sami wani abu ba zuwa ƙarfe huɗu, a tura takardunsa kotu."

"Ya amsa?"

"Ko kusa. Abu ɗaya yake ta faɗa, wai shekara arba'in yana layin nan ko allura ba a taɓa nema a hannunsa ba."

Sufeto ta ɗauki jakarta. Ta san irin wannan. In takarda ta shiga kotu, ko an wanke mutum daga baya, babu mai ƙara miƙa masa kayansa ya juya baya.

Asibitin haƙorin yana ƙasan bene, Likita da iyalinsa suna sama. Tun daga ƙofa warin kanumfari ya tare su, irin warin maganin da ake cusawa a kogon haƙori. Likita ya fito yana cire safar hannu, gajere, mai tumbi, ransa a ɓace har yanzu. Ya hau da su wani ƙaramin ɗaki mai kujerar fata da faffaɗan allo. Na'urar tana ƙasan tebur, baƙa wuluk, an cire murfin gefenta.

"Ta yara ce, don karatu," in ji shi.

Sufeto ta dubi sitiyarin mota da aka ɗaure a bakin teburin, da fedal uku a ƙasa.

"Yaran direbobi ne?"

Likita ya yi tari. "To, nakan ɗan taɓa. Wasan tuƙa tirela ne. Ranar Lahadi kawai."

"Da ka faɗa tun farko ai ba kama ka zan yi ba. Yaya aka yi ka gane an canza?"

Maimakon ya amsa sai ya danna maɓalli. Da wasan ya buɗe, wani siririn kuka ya taso daga cikin na'urar, mai shiga kunne har ƙwaƙwalwa. Saje ya kai hannu muƙamuƙinsa bai sani ba.

"Kin ji ko?" in ji Likita. "Injin ƙwaƙule haƙori ke nan sak. Daga safe zuwa yamma wannan kukan nake ji. Abu ɗaya na roƙi tsohon nan, na ce ban damu da fitilu ko ƙyale-ƙyale ba, na'urar da ba ta magana nake so. Mako uku muna zaɓen kaya. Shi ya ce a sayi gida marar gilashi mai soso a ciki, shi ya ce kati mai manyan fankoki uku, wai suna juyawa a hankali ba a jin su. Da na ji wannan kukan na ɗauko sukundireba na buɗe. Fanka biyu na gani, ƙanana."

"Yaushe aka kawo ta?"

"Alhamis da rana. Ina kan mara lafiya. Daga nan na wuce taron likitoci, sai jiya na dawo."

"Wa ya karɓa?"

"Auta, ƙanina. Shi ke haɗa mana haƙoran roba a ɗakin baya."

Aka kira Auta. Sunan ne kawai na yara, mutumin ya haura talatin da biyar, har da 'yar furfura a gemu. Dogo ne, mai sanyin murya, ya durƙusa ya gaishe ta kamar ita ta haife shi. Sufeto ba ta son gaisuwa mai tsawo, takan sa ta fara lissafin abin da ake son rufewa.

"Kai ka karɓi na'urar?"

"Ni ne, ranki ya daɗe. Baba Mai Agogo ya kawo ta a tasi, na taya shi hawa da ita, ya jona wayoyi ya tafi."

"Kun kunna?"

"Ya kunna ta nuna hoto, ya kashe. Ni ban san kan waɗannan abubuwan ba. Haƙori na iya."

"Wa ke da makullin ɗakin nan?"

"Ba a kulle shi," in ji Likita. "Gidana ne. Matata da yara sun tafi hutu wajen iyayenta, daga ni sai Auta. Kada ma ki ɓata lokacinki, tsohon nan ne."

Da Auta ya sunkuya zai fita, ta ga sumarsa ta kwanta a tsakiya, layi guda daga kunne zuwa kunne, kamar wanda ya daɗe da ɗaurin wani abu a ka. Ba ta san me zai jawo haka ba, ta dai ajiye shi a ranta. Ta sa Saje ya ciro tsohon katin ya sa a leda.

A caji ofis aka fito da Mai Agogo zuwa ɗakin tambayoyi. Siririn tsoho ne, rigarsa ta yamutse, amma ya ɓalla maɓallanta har wuya. Ya zauna ya jera hannuwansa a kan tebur.

"Baba, kai ka haɗa na'urar?"

"Ni ne, 'yata."

"Kai kaɗai?"

"Ni kaɗai. Ban taɓa ɗaukar yaron shago ba."

Ta zaro rasit ɗin katin daga fayil ta tura masa. "Karanta min lambar da ke ƙasa."

Ya ɗauka, ya kai shi nesa, ya dawo da shi kusa da hanci, ya karkata shi wajen taga. Sufeto ta bar shi yana ta fama har abin ya fara ba ta tausayi, amma ba ta nuna ba.

"Baba, lambar nan ta kai girman ƙwayar wake. In ba ka ganinta, yaya ka jona waɗancan 'yan wayoyin kai kaɗai? Ƙarya ta farko ke nan. In ka ƙara ta biyu, da hannuna zan kai fayil ɗinka kotu."

Tsohon ya ajiye takardar a hankali.

"Idon ne ya fara tafiya," ya ce. "Shekara biyu ke nan. Ban gaya wa kowa ba, don wa zai kai wa makaho kwamfutarsa? Hannuna ya san inda komai yake, kunnena kuma lafiya lau. Rubutu ne kawai sai an karanta min."

"Wa ya karanta maka a wannan aikin?"

"Ƙanin Likita. Yayansa ba ya samun sukuni, sai ya riƙa turo shi da saƙo. Yaron kirki, wallahi. Ya zauna ya sha shayina, ya karanta min kwalaye, yana ta tambaya. Baba, wannan na mene ne, Baba, me ya sa ba wancan ba. Bai san komai ba, amma yana son ya ji."

"Me ka koya masa?"

Nan take fuskar tsohon ta ɗan saki, ya manta inda yake. "Abin da nake gaya wa kowa. Mai haɗa na'urar wasa kati yake fara zaɓa, sauran kaya su bi shi. Kati mai ƙarfi wuta yake ci, sai ka sayi babban akwatin wuta. Dogo ne, sai ka auna gidan da zai shiga. Nauyi gare shi, sai ka sa masa ɗan ƙarfen da zai tallafe shi kada ya lanƙwasa. In ka ba ni jerin kayan mutum, ko ba a rubuta katin ba zan gaya miki wanne ne."

Sufeto ta rubuta wannan a littafinta, ta ja layi a ƙasa. Sannan ta miƙa masa ledar.

Ya zaro tsohon katin, ya bi shi da yatsu, ya kaɗa fanka ɗaya kusa da kunnensa. Ya yi tsaki.

"Wannan ya yi shekara biyar yana aiki. An goge shi da kyau, amma ƙarfen fankar ya cinye. Kuka zai riƙa yi."

"Yana yi kuwa. In haka ne, wane wawa ne zai sa shi a na'urar mutumin da ya ce shiru yake so?"

"Wanda bai taɓa jin kukansa ba."

"Kurma?"

"A'a. 'Yan wasa na gaske ba sa wasa sai da hedifon, manya, masu rufe kunne ruf. Mutum sai ya shekara na'urarsa tana ihu bai sani ba, sai maƙwabta. Ni kuwa 'yata, in da zan yi sata, ai ba zan sa abin da zai yi min ƙara ba. Da kunne nake cin abinci."

Maganar ta shige ta, kuma hakan ya ba ta haushi, don ba ta son wanda ake tuhuma ya yi mata daidai. Ta tuna layin da ke kan sumar Auta. Amma kwantacciyar suma ba shaida ba ce, alƙali dariya zai yi mata.

"A ina ka sayi katin?"

"Wajen Madam Kwali. Duk wanda ke neman irin waɗannan kaya can yake zuwa."

Shagon Madam Kwali ya ci sunansa. Kwalaye ne daga ƙasa har silin, sai wata 'yar hanya da mutum ɗaya zai bi a karkace. Ita kanta tana can ƙurya a kan doguwar kujera, da waya a kowane hannu. Da ta ga kaki sai ta kife su duka biyun.

"Ni kayana na gaskiya ne, ranki ya daɗe. Katin da na ba Baba sabo ne dal, a cikin ledarsa. In ya canza, tsakaninsa da Allah."

"Ban ce kin yi komai ba tukuna. Irin katin nan nawa kika kawo?"

"Ɗaya tak. Wa zai saya? Shi ma sai da Baba ya sa na yi odarsa."

"A watan nan akwai wanda ya sayi kayan haɗa na'ura bai sayi kati ba?"

"Kai, mutane ne ke shiga suna fita. Ni ba na riƙe fuska."

Sufeto ta waiwaya ta dubi kwalayen, a hankali, daga sama har ƙasa. "Saje, kira mota. Tunda Madam ba ta riƙe fuska, sai mu kwashe kayan nan mu je ofis mu bi su ɗaya-ɗaya da takardunsu. Ba zai wuce mako biyu ba."

Ƙwaƙwalwar Madam ta dawo nan take.

"Af, akwai wani. Shi ya roƙe ni kada in faɗa, wai kyauta zai yi wa wani. Kwana goma kafin Baba ya zo ɗaukar katinsa. Ya sayi babban akwatin wuta, irin wanda Baba ya saya. Ya sayi ƙarfen tallafe. Da muka zo kan gida sai ya zaro tef daga aljihu, ya riƙa auna cikinsu ɗaya bayan ɗaya, wai sai wanda zai ci santimita talatin da huɗu. Na ce to ga katuna, zaɓi. Ya ce yana da shi."

"Katunan da kike da su, akwai mai wannan tsawon?"

"Babu. Sai dai na Baba, kuma lokacin yana cikin kabad ɗina na ajiya."

"Bai san kan kaya ba, ko?"

"Wa? Wannan? Ai har gyara min magana ya yi a kan wayar wuta. Ya fi ni sanin kayana."

"Kamanninsa?"

"Dogo, mai ladabi, har ƙasa ya gaishe ni. Gefen farcensa duk farin gari, na ce ko mai fenti ne. Kuma da ya fita sai da na kunna fanka, shagon duk ya ɗauki warin kanumfari."

A mota Saje ya yi ta juya maganar. "Ranki ya daɗe, ni fa ban gane ba. Mutum ya sayi gida, ya sayi wuta, laifi ne?"

"Matarka ta taɓa sayen gadon jariri ba ta da ciki?"

"A'a."

"To shi ma ya san abin da ke tafe. Tun kafin tsohon ya ɗaura sukuru ɗaya, wani ya riga ya gyara wa katin wurin kwana." Ta zaro ledar, ta zura bakin biro tsakanin siraran ƙarafan da ke bayan fankokin. Ya fito da farin gari. "Ƙurar shago baƙa ce. Biya ofis mu ɗauki tsohon."

Ƙarfe biyu da 'yan mintoci suka isa asibitin, lokacin hutun rana, ba mara lafiya ko ɗaya. Likita yana ganin Mai Agogo ya haɗe rai.

"Me ya kawo wannan gidana?"

"Ni na kawo shi," in ji Sufeto. "Ina ɗakin ƙaninka?"

Ɗakin baya ƙarami ne, mai taga ɗaya. Haƙoran roba jere a kan kanta suna murmushi ba mai su. Garin filastar da ake zuba ƙirar haƙori da shi ya kwanta a kan komai, har bakin taga. A kan tebur akwai allo yana nuna jerin sunayen marasa lafiya, da wata tsohuwar kwamfutar ofis a gefensa. Auta ya miƙe da sauri, yana tura wata durowa da gwiwa.

"Sannu da zuwa, ranki ya daɗe. Sannu, Baba. Wallahi abin nan ya dame ni."

"Na ga alama. Buɗe durowar."

Ya buɗe. Hedifon ne, babba, fatar kunnensa duk ta sale don tsufa.

"Karatu nake saurara in ina aiki," in ji shi.

"Madalla. Ka san Madam Kwali?"

"Ban san ta ba."

"Ita ta san tef ɗinka. Santimita talatin da huɗu. Haƙorin wa ke da wannan tsawon?"

Likita ya shiga tsakani. "Haba Sufeto, wannan wane irin zance ne? Yaron nan ni na riƙe shi tun rasuwar mahaifinmu. Ko wayarsa ta rikice ni yake kawo wa. Ki duba ɗakin, ina katin yake? Ga kwamfutarsa nan, ta fi shekara goma."

Gaskiyarsa, ba a ganin komai. In Auta ya fitar da kayan daga gidan, Sufeto ba ta da abin kai wa Oga sai farin gari da maganar mace mai tsoron a kwashe mata kwalaye. Ta dubi agogon bango, biyu da rabi ta wuce.

"Don Allah kowa ya yi shiru," in ji Mai Agogo.

Ya tsaya tsakiyar ɗakin ya rufe ido. Aka yi tsit. Sufeto ba ta jin komai sai ɗigar famfo. Tsohon ya karkata kai, ya taka sau biyu, ya ɗora tafinsa a kan kwamfutar ofis ɗin.

"Wannan a kashe take, sanyi ƙalau. Amma allon yana kunne." Ya juya ya bi bango har gaban wani dogon kabad na ƙarfe da aka rubuta wa Kayan Aiki. Ya durƙusa da ƙyar, ya kara kunne. "Ga su nan. Manya uku, suna juyawa a hankali. Mako guda na yi ina sauraron su a shagona."

"Makulli," in ji Sufeto.

Auta bai motsa ba. Sai da yayansa ya ce, cikin wata irin murya, "Ba ta makullin," sannan ya zaro shi daga aljihu.

An cire kantocin ƙasa na kabad ɗin, an huda bayansa don iska. Na'urar tana zaune a ciki, sabuwa fil, gefenta gilashi. Dogon katin yana kwance a kan ɗan ƙarfensa, fankoki uku suna juyawa ba ƙara. Saje ya haska tocila ya karanto lambar jikinsa, Sufeto tana bin rasit da yatsa. Ba harafin da ya saɓa.

Likita ya nemi kujera ya zauna.

"Me ya sa?" ya ce. "Me na hana ka?"

Da Auta ya buɗe baki, sanyin muryar nan ya tafi.

"Yaya, tirela kake tuƙawa. Ranar Lahadi, awa ɗaya, kana gyangyaɗi. Tsohon katina ya ishe ka har ka mutu ba ka ga bambanci ba. Ni shekara goma sha biyu ina wasa a ɗakin nan a ɓoye, don ranar da ka fara ganina ka ce aikin banza ne, ka ce in girma. Na san kowane kati da aka ƙera, ban taɓa riƙe irin wannan ba. Sai ga shi kai da ka ce aikin banza ne ka aike ni in karanta wa Baba kwalinsa. Gidan na'urarka ba gilashi, na ce ba za ka taɓa buɗewa ba. Ban san nawa yana kuka ba. Wallahi ban taɓa ji ba."

"Wannan duk na ji," in ji Sufeto. "Jiya fa? Kana tsaye aka sa wa tsohon nan ankwa a gaban maƙwabtansa. Bakinka ciwo yake?"

Auta ya kawar da kai daga kallon tsohon.

Mai Agogo yana durƙushe har yanzu a gaban kabad ɗin. Ya zura hannu bayan na'urar, ya shafa yadda aka jera wayoyin, aka ɗaure su ɗaya bayan ɗaya.

"Kai ka haɗa wannan?"

"Ni ne, Baba."

"Aikin ya yi kyau. Ya fi nawa tsabta." Ya dafa kabad ɗin ya miƙe. "Mako uku kana tambayata abin da ka fi ni sani. Ni kuma ina ta murna, na ce na sami mai saurarona."

Wannan ce ta karya Auta. Ya rufe fuska da hannuwa, kafaɗunsa suna rawa.

Likita ya matso kusa da Sufeto ya rage murya. "Ranki ya daɗe, tunda kaya sun fito, a bar maganar. Ta gida ce. Na janye ƙarata."

"Da safe da na tambaye ka, ka ce kada in ɓata lokacina. Jiya da tsoho ne, kotu ka ce. Ba kai kaɗai aka yi wa laifi ba, Likita. An sa mutum ya kwana a sel a kan ƙarya, kuma an yi min ƙarya ni ma. Ka je ka faɗa wa Oga abin da kake so, ni dai da shi zan tafi. Saje."

Saje ya zaro ankwa. Auta ya miƙa hannuwansa da kansa, farin garin yana nan a gefen farcensa.

Likita ya juya wajen tsohon, ya rasa inda zai sa idonsa. "Baba, ka yafe min. Na yi gaggawa. Ka zo ka mayar min da katin, duk abin da ka ce zan yi."

"Zan mayar," in ji Mai Agogo. "Amma ba a nan ba. In 'yan sanda sun sakar maka kayanka, ka ɗauko na'urar da hannunka, ba direba ba, ba aike ba. Ka kawo ta shagona da hantsi, lokacin da layi ya cika. Ka ajiye motarka a bakin titi, ka tako da ita a ƙafa, kowa ya ga wanda ka kawo wa."

Likita ya gyaɗa kai. "Zan kawo, Baba."

Sufeto ta ce wa Saje ya sa Auta a baya. Ta buɗe wa tsohon ƙofar gaba da kanta, ta jira har ya gama gyara zamansa sannan ta rufe.